ZARE: Sista Jaklin, ƙanwar Pascal da ba a ba mu labarinta a makaranta ba

1/ Duk wanda ya yi lissafi da fiziks a sakandare ya ci karo da sunan Pascal: dalar lambobin nan ta Pascal, da ma'aunin matsi da ake kira da sunansa. To mutumin yana da ƙanwa. Sista ce ta cocin Katolika, malamar yara, kuma gwanar tauhidi. Yau labarinta za mu yi. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Sunanta Jacqueline Pascal, a baki Jaklin. Tun farko in faɗa muku, ba ta da digiri, ba ta taɓa zama ajin jami'a ba. A Faransa ta ƙarni na 17 jami'ar Sorbonne ba ta karɓar mace. Duk da haka wasiƙunta biyu sun shiga tarihi: ɗaya kan koyar da karatun Faransanci, ɗaya kan lamiri.

3/ An haife ta a watan Oktoba 1625 a garin Clermont, tsakiyar Faransa. Ita ce auta. Yayarta Gilberte 1620, yayanta Blaise 1623. Mahaifiyarsu ta rasu a 1626, Jaklin tana jaririya. Babansu Étienne, ma'aikacin gwamnati ne mai son lissafi, ya kwashe su zuwa Paris a 1631, ya riƙa koyar da su da kansa a gida.

4/ Abin dariya: wadda za ta zama malamar karatu, da farko ta tsani karatu. Gilberte ce aka ɗora wa koya mata tana shekara 7, kuma ta ba da labarin cewa yarinyar ta ƙi sam. Sai ranar da ta ji ana karanta waƙa. Kari da amsa-amon suka kama ta, ta ce in dai za a koya mata, to a cikin littafin waƙa.

5/ Daga nan ta fara tsara nata baitocin. A 1638, tana shekara 12, aka kai ta gaban sarauniyar Faransa da waƙar da ta yi kan cikin da sarauniyar ke ɗauke da shi. A watan Satumba aka haifi yaron. Shi ne Sarki Luwi na 14. Ku riƙe sunan nan, zai dawo a ƙarshen zaren, kuma ba da alheri ba.

6/ A shekarar ne kuma babansu ya shiga uku. Gwamnati ta daina biyan mutane cikakkiyar ribar bashin da suka ba ta, ya shiga sahun masu kuka, aka fara kame, ya gudu ya ɓuya. Ita kuma Jaklin ciwon agana ya kwantar da ita, ya bar mata tabo a fuska har ƙarshen rayuwarta.

7/ A 1639 aka shirya wasan kwaikwayo na yara a gaban Kadinal Richelieu, mutumin da shi ne gwamnati a lokacin. Jaklin na cikin 'yan wasan. Ana gamawa ta nufe shi, ta roƙi afuwa ga babanta. Yarinya 'yar shekara 13 fa. Ya yafe, har aka ba baban aikin haraji a Rouen.

8/ Aikin harajin nan ne ya sa Blaise ya ƙera na'urar lissafinsa daga 1642, don ya rage wa baba wahala. Wato ba don ƙanwar ba, wataƙila da labarin ya sha bamban. A Rouen ɗin ta ci gasar waƙa a 1640, kuma babban marubucin wasan kwaikwayo Corneille ne ya tashi ya yi godiya a madadinta.

9/ A Janairun 1646 baban ya zame a kan ƙanƙara ya goce a ƙugu. Wasu 'yan'uwa biyu masu ɗori suka zauna gidan suna jinyarsa. Su ne suka kawo wa iyalin koyarwar addini mai tsauri, irin ta mutanen Port-Royal. Duk gidan suka ɗauka, amma Jaklin ta fi kowa nisa.

10/ Mene ne Port-Royal? Gidan sistoci ne da aka kafa tun 1204 a wani kwari kudu maso yamma da Paris, daga baya ya yi reshe a cikin birni. Shugabarsa Uwa Angélique Arnauld ce. A 1609, tana matashiya, ta hana mahaifinta shiga gidan don ta dawo da dokar killacewa. Mace ce da ba ta wasa.

11/ Jaklin ta ce sista za ta zama. Baba ya ce ba da ransa ba. Ta yi biyayya, ta zauna gida shekaru tana rayuwa kamar mai zuhudu, tana jinyarsa. Ya rasu a Satumban 1651. Ranar 4 ga Janairu 1652 ta fice da sassafe ta shiga Port-Royal, Blaise yana ta roƙon ta ƙara jira.

12/ Sai rigimar gado. Al'ada ce mai shiga zuhudu ta kawo wa gidan dukiya. Jaklin ta so ta ba da kasonta, yayyenta suka ja. Ta yi kuka sosai. Uwa Angélique ta ce za a karɓe ta ko ba ta da sisi. Kunya ta kama Blaise, ya kawo kuɗi. A Yunin 1653 ta ɗauki alkawari, da sunan Sista Sainte-Euphémie.

13/ Akwai asara a nan, kada mu ɓoye. Shugabanninta na addini sun shawarce ta ta binne baiwar waƙa, don gudun girman kai. Ta bi. Bayan haka kaɗan ƙwarai ta tsara. Faransa ta rasa mawaƙiya. Abin da ta samu a madadi shi ne malama, kuma shi ne sauran zaren nan.

14/ An ɗora mata koyar da 'yan matan da ke kwana a makarantar gidan, daga baya ta zama mai horar da sababbin sistoci kuma ɗaya daga cikin mataimakan shugaba a Port-Royal na karkara. Har Blaise da kansa, a ƙarshen 1654 da ransa ya dagule, wurinta ya riƙa zuwa neman shawara. Ƙanwa ta zama malamar yaya.

15/ Yanzu mu shiga batun harshe. A wancan zamani yaro Bafaranshe da Latin yake fara koyon karatu, harshen da ba ya ji. Malaman Port-Royal suka ce a fara da harshen da yaro ya sha a nono. Ɗaya daga cikinsu, Claude Lancelot, ya rubuta littafin koyon Latin da bayani cikin Faransanci a 1644. A lokacin sabon abu ne.

16/ Matsala ta biyu ita ce sunayen haruffa. A Faransanci sunan f shi ne "ef", sunan r shi ne "er". Ka ba yaro gaɓar "fra", sai ya ce ef, er, a. Sannan ka ce masa to haɗa. Ta ina "ef-er-a" zai zama "fra"? Yaro ya rikice, malam ya ɗauki bulala.

17/ Wanda ya yi makarantar allo zai gane zancen da sauri. Sanin sunan harafi daban, haɗa shi da wasali a karanta daban. Shi ya sa ake da babbaƙu, ake da farfaru. Tsallaka wannan gada shi ne wahalar kowane ɗan koyo a kowane harshe.

18/ Blaise ya kawo dabara: a bar sunayen. A kira kowane baƙi da sautinsa, a jingina masa ɗan gajeren "e" na Faransanci wanda da ƙyar ake jin sa. F ya zama "fe", r ya zama "re". Yaro ya ce fe-re-a da sauri, sai ga "fra" ta fito da kanta. Dabara mai kyau, a takarda.

19/ Amma wa ke da yara a gabanta kullum? Jaklin. Ranar 26 ga Oktoba 1655 ta rubuta masa wasiƙa, bisa umarnin shugabanninta, tana neman cikakken bayanin hanyar. Kuma ba yabo ta tsaya yi ba. Ta nuna masa daidai inda dabarar ke tuntuɓe.

20/ Ta ce farkon kalma ta gane. Amma baƙin da ya zo a ƙarshe fa? In ka saba wa yaro da jingina "e" ga kowane baƙi, to a ƙarshen kalma ma zai ƙara shi, sunan Jésus ya fito da wutsiyar da ba tasa ba. Sannan gaɓa irin "en" yaro zai ce "ene", alhali ta hanci ake furta ta.

21/ 'Yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi da kuka yi boko da Faransanci, kun san ciwon nan. P ɗin ƙarshen "beaucoup" ba a furta shi. "Ent" na "ils parlent" a rubuce kawai yake. Abin da ya wahalar da ku a firamare, shi wata sista ta ɗora yatsa a kai shekara 370 da suka wuce.

22/ A 1660 aka buga littafin nahawun Port-Royal, Grammaire générale et raisonnée, na Antoine Arnauld da Claude Lancelot. A kashin farko akwai babi guda kan sabuwar hanyar koya wa yara karatu, wato dabarar nan ta sautuka. Wasiƙar Jaklin ce ke nuna mana cewa daga Blaise ta fito, kuma shekara 5 kafin bugawa ana ta jujjuya ta.

23/ A kula, ban ce ita ta rubuta littafin ba. Ba ita ba ce. Abin da nake cewa shi ne tana cikin gidan da aka dafa shi, kuma ita ce mai tambayar da masu alƙalami ba su cika yi ba: in an kai wannan aji, gaban yarinya 'yar shekara 6, zai yi aiki?

24/ Littafin kansa babba ne a tarihin nahawu. Kafin shi, irin su Vaugelas a 1647 sun fi damuwa da yadda manyan fada ke magana. Su kuwa mutanen Port-Royal suka tambayi dalili. Suka gwada Faransanci da Latin, Girkanci, Ibrananci da wasu, suna neman abin da harsuna suka haɗu a kai saboda tunanin ɗan'adam iri ɗaya ne.

25/ Misali da Hausa: "Ɗaliba mai ƙoƙari ta ci jarrabawa mai wuya." A ido jimla ɗaya ce. A cikinta hukunci uku ne: ɗalibar mai ƙoƙari ce, jarrabawar mai wuya ce, ta ci ta. Irin wannan fiɗar suka yi. Shi ya sa a 1966 Noam Chomsky na Amurka ya koma kan littafin a Cartesian Linguistics.

26/ A 1657 Jaklin ta rubuta nata littafin, Règlement pour les enfants, wato tsarin renon yara a makarantar. Gaskiya da tsauri: tashi da asuba, shiru mai yawa, addu'a, aikin hannu, karatu da rubutu. Ɗan zamani zai ce kai, wannan ai kurkuku ne. Amma akwai wani gefen.

27/ Ta nace malama ta san kowace yarinya ita kaɗai, ta zauna da ita su yi magana, ta bambanta mai rauni da mai taurin kai, ta kula da marar lafiya, ta yi wa yara bayanin abin da suke haddacewa. A zamanin da yawancin 'yan mata ba sa ko iya rubuta sunansu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

28/ To ga tauhidin. Wani bishof na garin Ypres, a Beljiyam ta yau, mai suna Jansenius, ya rasu a 1638. A 1640 aka buga ƙaton littafinsa na Latin, Augustinus, kan koyarwar Waliyi Agustin. Tambayar tsohuwa ce: tsira daga alherin Allah kaɗai take, ko zaɓin mutum yana da hannu, kuma har ina?

29/ Jansenius ya karkata sosai ga cewa mutum ba ya iya aikin kirki sai da alherin da Allah ya ba shi, kuma in ya zo ba ya faɗuwa ƙasa banza. Fadan ƙungiyar Jesuit suka ce wannan ya kashe 'yancin zaɓi. Port-Royal na ɓangaren Jansenius, shi ya sa aka laƙaba musu sunansa.

30/ A 1653 Paparoma Innocent na 10 ya yi tir da jimloli 5 da aka ce daga littafin suke. Arnauld ya kawo rarrabewa: akwai hukunci, akwai abin da ya auku. Cewa jimlolin kuskure ne, mun bi. Cewa suna cikin littafin da wannan ma'ana, wannan batun ido ne, kowa na iya kuskure a kai.

31/ A sauƙaƙe: alƙali ya ce sata laifi ce, kowa ya yarda. Amma cewa wane ne ya yi satar, sai an ga shaida. Sorbonne ta kori Arnauld a 1656. Blaise ya shiga faɗan da jerin wasiƙunsa na Provinciales a 1656 da 1657. Paparoma Alexander na 7 kuma ya ce jimlolin suna ciki, magana ta ƙare.

32/ A 1661 Luwi na 14 ya karɓi ragamar mulki da kansa. Jaririn nan da Jaklin ta yi wa waƙa tun yana ciki. Yana kallon Port-Royal a matsayin matattarar masu taurin kai. A watan Afrilu aka ba da umarnin kwashe 'yan makaranta da masu shirin shiga zuhudu. Ajin Jaklin ya zama kango.

33/ Sannan aka kawo takarda: kowane fada, kowace sista, ta sa hannu cewa ta yi tir da jimlolin 5 da zuciya da baki, kuma suna cikin littafin Jansenius. Littafin da Latin yake, yawancin sistocin ba su taɓa karanta shi ba. Wato a rantse a kan abin da ba a gani ba.

34/ Manyan cocin Paris suka yi wa takardar gabatarwa mai harshen damo, yadda mai sa hannu zai iya cewa a ransa hukuncin kawai ya bi. Arnauld, babban masanin ɓangarensu, ya ce a sa hannu, mafita ce. Maza masu digiri sun sami ƙofar baya. Jaklin ta ce a'a.

35/ A Yunin 1661 ta rubuta doguwar wasiƙa ga Sista Angélique de Saint-Jean, a kuma nuna wa Arnauld. Ta ce ba ta neman ficewa daga coci, kuma tana girmama shugabanni. Amma sa hannu a kan kalmomin da aka murɗa don kowa ya fahimci abin da yake so, ƙarya ce da aka yi wa kwalliya.

36/ Ta kwatanta shi da mai ƙona turare gaban gunki yana fakewa da cewa akwai gicciye ɓoye a hannun rigarsa. Ta lissafa abin da ake tsoro: kora, talauci, kurkuku, mutuwa, ta ce duk ba su kai a sayar da gaskiya ba. Ta kuma ce in bishof-bishof sun koma da zuciyar 'yan mata, to dole 'yan mata su yi zuciyar bishof.

37/ Ku lura, hali ɗaya ne da na wasiƙar 1655. A can ta ce wa yayanta: dabararka za ta sa yaro ya furta harafin da babu shi. A nan ta ce wa malamanta: dabararku za ta sa mu furta abin da ba mu sani ba. Duka biyun, ba ta yarda baki ya faɗi abin da ba haka yake ba.

38/ Ƙarshen ba irin na fim ba ne. An matsa mata, manyan da take girmamawa suka ce biyayya. Ta sa hannu, bayan an ƙara bayanin da ke fayyace matsayinsu. Abin ya ci ta a rai. Uwa Angélique ta rasu a watan Agusta. Jaklin ta kwanta ciwo, ta rasu ranar 4 ga Oktoba 1661, tana da kimanin shekara 36.

39/ Kuma dabarar ba ta yi rana ba. Roma da fadar sarki duk suka yi watsi da gabatarwar mai harshen damo, aka kawo wadda ba ta da ƙofar baya. Blaise ya koma kan ra'ayin ƙanwarsa, har suka saɓa da Arnauld. Shi ma bai daɗe ba, ya rasu a Agustan 1662 yana shekara 39.

40/ A 1664 sistoci da yawa suka ƙi sa hannu ƙememe. Babban bishof na Paris ya kwashe 12 daga cikinsu ya rarraba a wasu gidaje, har da wadda Jaklin ta rubuta wa wasiƙar. A 1709 Luwi na 14 ya sa aka watsa tsofaffin da suka rage, a 1710 aka rushe ginin, a 1711 aka tone kaburbura.

41/ Adalci: cocin Katolika har yau yana ganin koyarwar Jansenius kuskure ce, kuma ni ba alƙalin wannan shari'a ba ne. Kana iya ganin ɓangarenta bai yi daidai ba a tauhidi, ka kuma girmama macen da ta ce ba za ta rantse a kan littafin da ba ta karanta ba.

42/ Don ku ga tsawon hanyar: a 1678 Elena Cornaro ta nemi digirin dakta na tauhidi a Padua ta Italiya, aka hana ta don mace ce, aka ba ta na falsafa. A Faransa sai 1861 mace ta farko, Julie-Victoire Daubié, ta ci jarrabawar bakaloriya. Shekara 200 cif bayan rasuwar Jaklin.

43/ A farkon shekarun 1940 ne wata sista, Madeleva Wolff, ta buɗe makarantar tauhidi mai zurfi ga mata a kwalejin Saint Mary's ta jihar Indiana a Amurka. A 1970 Paparoma Paul na 6 ya ba mata biyu na farko, Teresa ta Avila da Katarina ta Siena, matsayin manyan malaman coci.

44/ Yau sistoci masu digirin dakta a tauhidi da harsuna suna koyarwa a jami'o'i a nahiyoyi daban-daban, ana shirya musu bikin karramawa in sun yi ritaya. Jaklin ba ta ga ko ɗaya ba. Inda gidansu yake yanzu kufai ne da gidan tarihi, a Magny-les-Hameaux kusa da Paris.

45/ Sunan yayanta yana kan ma'auni, yana kan wani harshen kwamfuta, ya taɓa hawa takardar kuɗin Faransa ta faran 500. Nata yana ƙasan wasiƙu. In zaren ya amfane ku, ku tura shi ga malamar da ta fara koya muku haɗa baƙi da wasali, in tana raye. Ku rubuto mana a ƙasa: kun tuna ranar da karatu ya fara buɗe muku?